Kunmanara Yana Kuka a Cikin Mota

Walpanya, Satumba 2003

Zuwa ga Yaya Yanyi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki na tafinta a asibitin Adelaide. Mu nan jiki da sauƙi, zuciya ce dai sai a hankali. Inna tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Ƙafarta ta ɗan kumbura, amma nas ta ce ba abin tashin hankali ba ne. Kawu Hector yana gaishe ki. Yana nan yadda kika san shi, da safe a kawo masa mai ciwon baya ya shafa, da yamma a turo masa mota ya shiga ƙarƙashinta. Ya ce in tambaye ki ko biro ya yi tsada ne a birni.

Mun binne ɗan'uwanmu. Kin dai ji yadda abin ya zo: yana tsakiyar fili yana bin ƙwallo, ya dafe ƙirji, ya durƙusa, shi ke nan. Ba zan ɓoye miki ba, ranar jana'iza mutane sun yi ta duban gefen Inna, inda ya kamata babbar 'yarta ta zauna. Na ce aiki ne ya riƙe ki.

Sunansa ya kwanta, ba mai sake faɗinsa, kamar yadda aka saba in an yi rasuwa. Kunmanara ake ce masa yanzu a madadin sunan, haka duk wanda ke da suna irin nasa. Har Baturen nan mai kanti abin ya shafa, don sunansu ɗaya. In yara suka ce masa Kunmanara sai ya waiga bayansa yana neman wani. Laƙabin nan ma da aka sa wa ɗan'uwanmu saboda aikinsa na rijiyar burtsatse ya bi sunan, ba mai ɗaga shi a baki.

Mun bar gidan, muna zangon makoki a bakin busasshen rafi. An ƙone tufafinsa, an share sawunsa da ganye, an cire hotonsa a ofishin gari. Da aka zo kan motarsa ne rigima ta tashi. Kawu ya ce ko a ba da ita can nesa ko a sa mata wuta. Inna ta ja jiki ta zauna a gaban motar ta ce, "Wanda zai ƙyasta mata ashana ya fara da ni."

Kawu ya ce, "Haba, 'yar'uwa, ke da kika fi kowa sanin al'ada?"

Ta ce, "Na san al'ada, na kuma san wanda na haifa."

Aka dai turara ta da hayaƙin ganye aka bar mata. Ni kam ban ƙi ba. Motar da ba ta cika shekara biyu ba, wadda ke da shi kuka je kuka zaɓo, ita kaɗai ce mai tashi ba turi a duk danginmu. Ni nake tuƙa ta yanzu, in ɗebo itace, in kai Inna wajen nas. In ba tafiya, Inna takan buɗe ƙofa ta zauna a kujerar gefen direba da shayinta har rana ta karkata.

Ki ba ni amsa ta jirgin wasiƙu. Kada ki bugo ofis, kin san wayar nan, in kika yi tari a ciki kafin ki ajiye gari ya ɗauka kina da tarin fuka.

Ƙanwarki,
Imuna

Adelaide, Oktoba

Ƙanwata Imuna,

Takardarki ta same ni lafiya, ina kuma fata wannan ta same ku haka. Ki gaishe min da Inna, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan wani abu in ta zauna. Ki ce wa Kawu biro bai yi tsada ba, hannun ne ya yi nauyi.

Maganar rashin zuwana, akwai wani tsoho ɗan yankinmu da aka yi wa aikin zuciya a makon, ba ya jin Turanci, ba kuma mai yi masa magana sai ni. Wannan gaskiya ne. Amma da na matsa da an sake ni, wannan ma gaskiya ne. Na ji tsoron in ga an rufe shi da ƙasa, shi ya sa na tsaya.

To ga shi abin da na guda ya biyo ni. Ban faɗa wa kowa ba sai ke. Wani mutum yana bugo min waya a gida. Da rana tsaka yake bugowa, muryarsa a sanyaye, cikin ladabi. Da na ɗauka sai ya faɗi sunan ɗan'uwanmu cikakke, nasa da na Baba, ya ce, "Yana nan kuwa?" Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na san abin da za ki ce, wani ofishi ne, tunda shi lambata yake sa wa a duk inda aka tambaye shi waya. Ni ma haka nake gaya wa kaina. Sai dai hannuna ba ya jira in yi tunani, da sunan ya shiga kunnena na riga na kife wayar.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan na ajiye. Sunan yakan tsaya a ɗakin. In shiga kicin yana nan, in fito yana nan. Ku a can kuna da mutane, kuna da hayaƙi, kuna kuka tare. Ni nan daga ni sai bango huɗu da maƙwabciyar da ba ta san na yi rashi ba. Na taɓa zare igiyar wayar, sai na tuna asibiti ta nan suke nemana, na mayar.

Na ji daɗi da ba a ƙone motar ba. Ranar da muka karɓo ta bai bari na zauna ba sai da ya shimfiɗa min tawul, wai rigata za ta ɓata masa kujera. Ki kula da ita.

Yayarki,
Yanyi

Walpanya, ƙarshen Oktoba

Yaya,

Muna lafiya, Inna ma da sauƙi, ta fara cin wutsiyar kangaru in an gasa ta yi laushi. A gurguje nake rubutun nan, jirgi ya sauka, matuƙin kuma ba ya jiran kowa.

Mai bugo miki waya, ki zage shi ki huta. Mutanen birni ba su da kunya, su kira sunan mamaci kamar suna kiran kare.

Ga matsalar da muke ciki. Motar ta fara kuka. Da farko ɗan siriri ne, sai an kasa kunne. Yanzu da na tayar da ita yake farawa, wani irin kuka mai shiga ƙashi, in na taka ya ƙaru. Yara sun daina roƙon a ɗauke su. Da safe kuma sai mu tarar da hawaye a ƙasa, yashi ya jiƙe daidai ƙarƙashin gabanta, alhali ba a yi ko yayyafi ba. Inna takan fito tun rana ba ta ɗaga ba ta tsuguna ta taɓa wurin da tafin hannunta.

Na kai wa Kawu. Ya sa na tayar, ya kwantar da kunnensa a jikinta ya daɗe, idonsa a rufe. Da ya ɗago ya ce, "Kunmanara ne. Shi ke kuka, shi ke zubar da hawayen."

Na ce, "Tun yanzu, Kawu?"

Ya ce, "Ni ma abin ya ba ni mamaki, lokacinsa bai yi ba. Amma dole a cire shi daga cikin motar nan a yar, in ba haka ba wata rana zai tsayar da ku inda ba kowa."

Kawu ya ce abin ya fi ƙarfin abin da yake da shi a nan. Don Allah ki tambaya mana a birni yadda za a yi, ke kika san inda aka samo ta. Kada ki yi sanya.

Imuna

Adelaide, Nuwamba

Ƙanwata,

Ina gaishe ku duka. Ni lafiyata ƙalau, in ban da barci da ya ƙaurace min tun da na karanta takardarki. A tsaye a bakin ƙofa na karanta ta.

Ashe can ma yana nan. Ni ana kiran sunansa a kunnena, ku yana yi muku kuka. Ban yi shakkar maganar Kawu ba. Da idona na ga ya cire wa Baba ciwon da likitoci suka kasa, in ya ce ɗan'uwanmu na cikin motar, to yana ciki. Shi ma Kawun ai ya faɗi gaskiya, lokacinsa bai yi ba. Mutumin da aka fizge yana tsakiyar gudu, ina zai san hanyar tafiya? Dole ya koma inda ya fi so.

Amma maganar a cire shi a yar, ban yarda ba. Imuna, ɗan'uwanmu ne, ba tsumma ba ne. Wanda bai taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu yana raye ba, ba zai cuce mu yanzu ba. Na tambayi wata tsohuwa 'yar yankinmu da ke jinya a nan, ta ce mai kuka irin wannan akwai wanda yake jira. Ba sai an gaya min ko wa yake jira ba. Kowa ya yi masa sallama, saura ni.

Saboda haka na karɓi hutu. Zan hau bas ɗin da ke isa Marla, inda hanyar garinmu ke haɗuwa da kwalta, ranar Litinin ɗin kafin Kirsimeti. Ku zo ku ɗauke ni a motar, ke da Inna. Ina so in zauna a ciki tun daga bakin kwalta har gida, in yi masa magana a hanya, ko zai sami natsuwa ya tafi da kansa. Kafin nan kada ki bari kowa ya taɓa shi, ko Kawu ne. Ki karanta wa Inna wannan, ki ce in ji babbar 'yarta.

Ki riƙa cin abinci, ke ma. Na san ki, in damuwa ta zo shayi kaɗai kike sha.

Yayarki,
Yanyi

Walpanya, farkon Disamba

Yaya Yanyi,

Muna nan da rai. Gaisuwar ke nan yau, don raina a ɓace yake.

Wayyo Yaya, me kika yi haka? Birni ya cinye miki kunne ne? Ba ɗan'uwanmu nake nufi ba! Abin nake nufi, na ƙarfe, wanda ke tura ruwa ya zagaya cikin inji don kada ya ƙone, irin wanda ke kan rijiyar garinmu. Kin manta laƙabin da ake kiran mamacin da shi? Ai sunan abin nan ne. Yaya zan rubuta shi? Garin nan kaf, in na rijiya ya tsaya, cewa muke Kunmanara ya tsaya, har nas ta koya. Kawu kunnen bakanike ya sa, ba na mai magani ba. Ƙarfen ciki ne ya ci kansa, shi ke ƙara, ruwan lagireto kuma yake ɗiga.

Da ni kaɗai na karanta da dariya zan yi. Amma Inna na zaune aka miƙo min takardar, ta gane rubutunki, ta ce in karanta a fili. Na fara ban san abin da ke gaba ba. Da na kai wurin na tsaya, ta ce, "Ci gaba, ban kurmance ba." Da na gama ta share fuska ta ce, "Na sani. Tun ranar farko na gane muryarsa. Kuna ta ce min ƙarfe, ƙarfe. Ga wadda ta yi karatu ta faɗa."

Yanzu mabuɗin motar yana rataye a wuyanta da zare. Kawu ya zo da sifana, ta ce masa, "Hector, in ka sa hannu a jikin ɗana, ni da kai har abada." Ya tattara kayansa ya koma. Ko da ta bari ma ba abin da zai sa a madadinsa, ya zagaye duk matattun motocin bayan gari, ba irin nata, tamu ta yi sabunta da yawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya, mu muke ƙara mata ruwa kullum.

Na ce wa Inna mu nemi wata motar. Babu. Masu lafiya duk sun tafi Alice Springs hutun Kirsimeti. Na ce to ni in tafi ni kaɗai, ta ce in na tafi ba ita, a ƙafa za ta biyo ni, kin kuwa san za ta aikata. Kawu ya ce in ya zama dole mu fita da sassafe, mu ɗauki ruwa da yawa, in riƙa tsayawa ina ƙarawa, wataƙila ta kai. Wataƙila ya ce.

Maganarki kaɗai za ta ji. Ki rubuto layi ɗaya, ki ce kin janye, ki ce za ki nemi wanda zai kawo ki daga Marla. An yi ruwa filin jirgi ya caɓe, ban san ranar da wannan za ta tashi ba. Ofis ma za a rufe, ma'aikata sun fara ɗaure kaya. Zafi ya sauka sosai, tsuntsaye na faɗowa daga itace.

Imuna

Adelaide, Asabar

Imuna,

Ina fata kuna lafiya, ina roƙon Allah kuna gida. Jiya da yamma takardarki ta iso, ta yi kusan mako uku a hanya.

Yau da safe na tono takardun motar na buga wa waɗanda suka sayar mana. Nan take aka ɗauka. Muryar nan ce, ta mai kiran sunan. Na ce masa, "Don Allah kada ka faɗi sunan, mai shi ya rasu." Ya ba ni haƙuri, sannan ya ce, "Baiwar Allah, tun watan Agusta nake neman mai motar nan." Ya ce kamfani ya gano abin ya fito da aibi tun daga masana'anta, a duk motoci irin tamu na wannan shekarar, yana mutuwa tun bai kai ko'ina ba. An ce a maido da su a canja kyauta. Mu ma garantinmu bai ƙare ba. Ya ce tunda kuna nesa za su aiko da sabo ta jirgi. Na gaya masa tana kuka tana ɗiga. Ya ce, "To kada a tuƙa ta, ko zuwa kanti."

Na buga ofis, wayar na ta ƙara. Na buga wajen nas, na'ura ce ta amsa, na bar saƙo.

Ki karanta wa Inna wannan da ƙarfi. Inna, ni ce Yanyi. Na yi kuskure. Ba ɗanki ba ne a cikin motar. FAMFO ne, famfon ruwa na inji. Na rubuta, na sani, a yafe min, gara a yi fushi da ni. Kada ku taso. Ku zauna a gida, zan iso da kaina.

Gobe zan hau bas. Na san zan riga takardar nan isowa, amma na kasa zama ban rubuta ba.

Yanyi

Walpanya, Janairu 2004

Yayata,

Ina gaishe ki. An sallamo ni daga asibitin Alice Springs, leɓɓana sun warke, ina iya haɗiye abinci. Kawu yana gaishe ki, ya rame. An ce min kin zo har ƙofar ɗakin da nake kwance, kika tsaya, kika juya kika koma Adelaide. Na buga miki daga wajen nas, ba kya ɗauka. To ga takarda, ita ba a kife ta.

Ke kin ga ƙarshen abin ne kawai, lokacin da kika iso da mutumin Marla da kika roƙa ya biyo hanya da ke, kika same mu a ƙarƙashin bargo. Ba ki ga farkon ba, ni kuma a lokacin harshena ba ya motsi. Ina so ki sani.

Mun fita da sassafe. Inna ta sa rigarta ta coci, ta ɗaura sabon ɗankwali saboda ke. Tun daga gari motar ke kuka, Inna na shafa gaban kujerarta tana cewa, "Yi haƙuri, yaro, mun kusa, yayarka na jira." Na tsaya na ƙara ruwa, na sake tsayawa na ƙara. Mun wuce rabin hanya, bayan duwatsun nan jajaye, sai kukan ya koma ihu. Allura ta hau ja, tururi ya rufe gilashi, wani abu ya ɓalle a ciki. Na kashe ta. Sai shiru, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na juyo in ba Inna haƙuri, sai na ga tana murmushi. Ta ce, "Kin ji? Ya daina." Tun ranar da aka binne shi ban ga haƙoranta ba sai ran nan.

Ban tsorata ba da farko. Muna da jarka guda cike ta sha, na san ba a barin mota, na san za ki nemo mu. Na yi mana inuwa da bargo, na zaunar da ita, na hau tudu in cinna wa ciyawa wuta ko wani zai hango hayaƙi. Ciyawar ta ƙi kamawa saboda ruwan da aka yi, na ɗan daɗe. Da na sauko na hango ta tsaye a gaban motar, ta ɗaga jarkar da ni kaina sai na yi nishi nake ɗagawa, tana tuttulawa a lagireto. Ruwan yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa, yashi na shanyewa. Na yi gudu, na yi ihu. Kafin in iso saura abin da bai cika kofi biyu ba.

Na ce, "Inna! Me kika yi mana?"

Ta ce, "Ƙishi yake ji. Shekara nawa yana shayar da garin nan, ke ko kurɓi ba za ki ba shi ba?"

Na zauna a ƙasa. Abin da ya rage na ba ta, ta kurɓa sau ɗaya ta ce ta ƙoshi, ta tura min. Da na ƙi sai ta yi min tsawa kamar ina ƙaramar yarinya, na sha. Daga nan ta kwanta ta jingina bayanta da taya tana 'yan waƙoƙin coci a hankali, har murya ta ƙare. Washegari da rana ta take ta daina gane ni. Amma ba ta yi kukan wuya ba, ba ta kira sunan kowa da fushi ba. Abu na ƙarshe da na ji ta faɗa da hankalinta shi ne, "Yanyi ce kaɗai ta gane shi." Ko da jirgin likita ya ɗauke mu ba ta sake magana ba, a sama ta cika.

Na yi fushi da ke, Yaya, har yanzu da saura. Na yi fushi da Kawu, da mutanen kamfani, da kaina, don ni na riƙe sitiyari. In aka ce za a raba laifin nan, kowa zai sami na kai wa gida. Amma ke kaɗai kika ba ta abin da take so a ce mata, ta kuma tafi da shi a ranta. Ban san ko wannan zai rage miki nauyi ko ya ƙara ba. Haka dai abin ya kasance.

Takardarki ta ƙarshe ta zo a jirgi ɗaya da kwalin kamfani. Kwalin yana ofis, ba wanda ya buɗe, motar kuma Kawu da maza sun je sun ƙone ta a inda ta tsaya. Takardar na karanta ni kaɗai a bayan rafi. Da na ga kalmar da manyan baƙaƙe sai na ji kamar zai amsa daga wani wuri. Na daɗe ina kallonta kafin in sa ta a wuta. Ban gaya wa kowa kin rubuta ba, ba kuma zan gaya ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Dangi sun taru, har na nesa sun iso, zangon makoki ya cika. An tambaye ni ranar binne Inna, na ce babu rana sai babbar 'yarta ta zo. Kawu ya ce haka ne, ba za a sa ta a ƙasa gefenta ba kowa ba. Ba wanda zai tuhume ki, in ma akwai ni zan tare miki. Ni kaɗai nake zaune a kan bargonmu, mata suna zuwa su rungume ni su koma wajen nasu 'yan'uwan.

Ki hau bas, nas ta ce da kanta za ta ɗauko ki daga Marla a motar asibiti. Inna tana can Alice Springs a ɗakin ajiye gawa, cikin firji, sai kin zo za a fito da ita. Kin san ba ta son sanyi, Yaya. Kada ki bar ta ta daɗe.

Ƙanwarki,
Imuna